Soson da Yunusa Ya Yanka Huɗu

Ni dai sana'ata hannu ce. Shekara ashirin da ɗaya ina yi wa mata ƙunshi a unguwar Dogo Tebo, har ta kai in mace ta miƙo min tafinta ba sai ta faɗa min abin da take yi a gida ba. Hannun mai wankau daban, na mai suya daban, na wadda ba ta taɓa komai sai waya shi ma daban. Sunana Hanatu, amma in ka shigo layinmu ka ce Hanatu sai an tambaye ka wacce. Ka ce mai lalle kawai, ko akuya ta nuna maka gidan.

Katanga ɗaya ce tsakanina da Suwaiba matar Yunusa kafinta. Katangar kuma gajeriya ce, in na hau turmi ina ganin tsakar gidansu kaf. Kada ku ce gulma, iska nake sha.

Duk Potiskum an san gadon Yunusa. Uwar amarya za ta shiga shagonsa da niyyar taya ciniki, tana shafa allon gadon sai ta manta da ragin da ta zo nema. Sumul, ko cikin lungun furen da ya sassaƙa ka zura yatsa ba za ka ji ƙaiƙayi ba. In an tambaye shi sirrin sai ya gyara hula ya ce hannu ne, baiwa ce daga Allah. Kuma bai yi ƙarya ba, hannu ne. Sai dai ba nasa ba.

A shago yake yanka, ya sassaƙa, ya buga ƙusa, ya ɗauki hoto ya sa a waya. Da azahar sai Keke Napep ta sauke alluna a ƙofar gida, a jingina su a gindin darbejiya, Suwaiba ta shimfiɗa buhu ta zauna. Tun daga nan har la'asar sakaliya ba abin da nake ji ta katanga sai shuu, shuu, shuu. Ita ke gogewa, ita ke shafa folish, ita ke sake gogewa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ba ta taɓa yi min ƙorafi ba. Abin da ke ranta ɗaya ne, karatun unguwarzoma. Shekara shida da aure tana roƙo, Yunusa yana cewa baɗi. A ƙarshe mahaifinta Malam Kaumi ya taso daga Danchuwa, ya zaunar da surukin nasa a gaban uwarsa Inna Fanne. Ina kan turmi na ji hukuncin da kunnena. Yunusa ya ce ya yarda ta rubuta jarrabawar shiga makarantar gaba, amma sau ɗaya tak. In ta ci, ga hanya. In ba ta ci ba, a rufe maganar har abada, kada a sake tayar masa da ita. Malam Kaumi ya san ƙwaƙwalwar 'yarsa, ya ce sau ɗaya ma ya yi yawa. Aka shafa fatiha.

Ranar da ta je rajista ta dawo da fara'a har kunne. Ta ce an ɗauki hoton yatsunta goma cif a wata 'yar na'ura mai jan haske, kuma an ce ranar jarrabawa sai na'urar ta gane yatsan mutum kafin a bar shi ya shiga. An ja musu kunne sosai, musamman mata, cewa kada wadda ta kuskura ta sa lalle, don yana rufe zanen yatsa.

"Yaya Hanatu," in ji ta, "ni da ke sai bayan jarrabawa."

Na ce to madalla, yau sana'ata ta zama abin gudu. Amma na ɗauki abin da gaske. Daga ranar na naɗa kaina mai gadin yatsun Suwaiba. In ta shigo aron rariya sai na ture kwanon lalle da ƙafa. In ɗanta Hussain ya dangwali kwaɓin ya nufe ta, ni ke cafke shi na wanke shi tas kafin ya taɓa uwarsa. Na yi gadi iya gadi, ashe an bar jaki ne ana dukan taiki.

Azumi ya kama, kuma duk wanda ya san garin nan ya san bayan ƙaramar Sallah ake zuba bukukuwa. Yunusa ya karɓi aikin gado bakwai, har da wani ƙato mai furanni da ganye da za a kai wa wata amarya a Fika. Jarrabawar Suwaiba kuwa kwana tara ne bayan Sallah.

Bari in faɗa muku abin da take gogewa da shi. Ba samfefa ta takarda ba ce, wadda muka sani. Wani soso ne mai kamar sandar sabulun wanki, jikinsa duk yashi, ciki kuma laushi, yana lanƙwasawa ya shiga lungun sassaƙa. Soson samfefa suke ce masa. Yunusa kuwa mutum ne da in ƙuda ya faɗa masa a shayi sai ya matse shi kafin ya yar. Yana kawo soson gida sai ya zaro wuƙa ya yanka shi huɗu, ya ba ta ɗaya, ya kulle uku a durowa. Ba za ta ga na biyu ba sai ta nuna masa na farko ya zama kamar tsumma. Wai a shago yara sun koya masa darasi, in ka ba mutum abu da yawa ɓarna yake yi.

Ɗan guntun nan ba ya cika tafi. Dole sai ta tsunkule shi da kan yatsu, kamar mai ɗaukar goro a faranti, ta danna da ƙarfi. Ni ma ina gani kullum, kuma ban ga komai ba.

Wata rana da yamma na jiyo muryar Yunusa ta tashi. Na hau turmi. Ashe Suwaiba ta ɗaga wata durowar gefen gado folish bai gama bushewa ba, babban yatsanta ya fito raɗau a jiki, kowane layi a bayyane, kyakkyawa da shi. Yunusa ya riƙe kai kamar an yi masa mutuwa.

"Goge min shi yanzun nan. Ba na son alamar hannun kowa a jikin kayana."

Ta ce to Baban Hussain, ta ɗauki guntun sosonta ta goge. Minti biyu bai yi ba wurin ya koma sumul.

A sati na biyu na azumi na shirya zuwa kasuwa sayen salatif, wanda nake fitar da zanen ƙunshi da shi. Wurin Madam Nguavese nake saya, wata 'yar Binuwai mai shagon fenti da kayan kafintoci, wadda ta fi shekara ashirin a garin nan, Hausarta ta karkace amma ba ta faɗuwa. Suwaiba ta miƙo min wani guntun soso ta katanga, ta ce maigidan ya ce a sayo irinsa guda biyu, shi ba shi da lokaci.

Madam ta juya guntun a hannunta ta ce wane mugu ne ya yanka wannan. Na ce ba mugu ba ne, mai tattali ne. Ta yi tsaki, ta ɗauko sabo cikakke da wani ɓallin katako, ta ce in tsaya in gani, tunda ni zan kai.

Ta kwantar da soson a tafinta, yatsunta a miƙe a bayansa, ta bi tsawon katakon a hankali. Ta ce ba a danna shi, nauyin hannu ya isa, yashin ne ke aiki ba ƙarfin mutum ba. Ba a gicciye jijiyar katako, binta ake yi. Ta nuna min lamba a jikin kowanne. Mai tamanin shi ne mai kaushi, da shi ake farawa. Sai mai ɗari da ashirin. Sai mai ɗari biyu da ashirin, mai laushi, na gamawa da na tsakanin shafin folish. In ya toshe da gari ba a jefar da shi, kuma ba a ƙara dannawa, a wanke shi da ruwa a shanya, ya dawo kamar sabo. Ta ce wanda ya riƙe shi daidai, guda ɗaya sai ya fi guntaye huɗu daɗewa.

Na ce ai Yunusa ba ya sayen na tsakiyar ma, daga mai kaushi sai mai laushi, wai na tsakiya na 'yan gayu ne. Madam ta ce shi ya sa matar take dannawa, tana sa mai laushi aikin da ba nasa ba. Ta sunkuya ƙarƙashin kanta ta zaro safar hannu ta yadi, mai roba a tafi, ta jefa min a leda.

"Gyara ne. Ki ba ta. Wannan abu bai san katako ba, bai san mutum ba, duk ci yake."

Na kai saƙo yadda aka ba ni, har da kwaikwayon riƙon. Suwaiba ta sa safar tana dariya, ta ce yau ta zama likita tun kafin a je ko'ina. Yini ɗaya ta yi da ita. Washegari Yunusa ya shafa wani allo ya ce ya ji gargada a wuri biyu, kuma ya san dalili. Ya ce ido ba ya ganin kaushin katako, fatar yatsa ce ke gani, in an rufe ta an makantar da aikin. Ya ce Madam fenti take sayarwa, ba ta taɓa haɗa ko kujerar tsuguno ba. Batun ba da soso cikakke kuwa, ya ce dabarar 'yan kasuwa ce don kaya su ƙare a koma a saya. Ya naɗe safar ya sa a aljihu, ban sake ganinta ba.

Na leƙa na ce masa, Yunusa ka ji tsoron Allah, ka dubi hannun yarinyar nan. Ya yi dariya ya ce Yaya Hanatu ai ke kika fi kowa cin hannun mata a unguwar nan, ki bar min nawa ɗaya. Bakinsa da daɗi, ɗan banza, har ni sai da na dara.

Inna Fanne kuwa tana kan tabarma da carbi. Ta ce su da suka yi niƙa a dutse tun asuba, suka sussuka gero da hannu, ga su nan da yatsunsu goma ba wanda ya guntule. 'Yan matan yanzu soso ma ciwo yake ji musu, soso fa, abin wanka. Ta ce mace ta taimaki mijinta lada ne, balle a watan azumi da ake ninkawa.

Haka kwanaki suka yi ta tafiya. Da farko kan yatsun suka yi ja. Daga baya suka daina ja suka koma ƙyalli. Lokacin buɗa baki sai ta naɗe kofin kunu da gefen zani, wai zafi yake mata. Ta daina yanka attaruhu, ni nake jajjaga mata in miƙa ta katanga. Allura ta riƙa suɓuce mata. Abin da ya fi ba mu dariya shi ne littafinta. Tana jingina shi a jikin allon gado, tana gogewa tana karanta sassan jikin mutum, amma in ta zo buɗe shafi sai yatsan ya zame, ya ƙi kama takardar. Sai ta sa bayan hannu ta tura, ko ta kira Hussain ya buɗe mata. Muka yi ta yi mata tsiya, wai karatun ne yake gudunta.

Karatun dai bai guje ta ba. In na riƙe mata littafin tambayoyin baya ina karantowa da Turancina na kasuwa, kafin in kai ƙarshe ta ba ni amsa, har ta gyara min faɗar kalmar. Wallahi yarinyar nan kai gare ta.

Jajiberin Sallah gidana ya cika maƙil, mata har zaure, kowa da ƙafa a leda. Suwaiba ta leƙo ta katanga tana kallo, na san ranta yana so. Na ce ko kusa, jeki, saura kwana goma. Na yi alfahari da kaina ranar.

Sai ranar Sallah da ta shigo gaishe ni na kama hannunta na dama, irin kamun da nake yi wa kowa ba tare da tunani ba. Na shafa kan babban yatsan. Na sake shafawa. Na ja ta bakin ƙofa inda haske yake, na ɗaga shi sama. Babu layi ko ɗaya. Sumul kamar bayan ƙwai. Manuniya haka, na tsakiya haka. Na ce Suwaiba, me na'urar nan za ta gani a nan?

Ta dubi yatsan kamar yau ta fara ganinsa. Na kamo na hagu da sauri. Alhamdu lillahi, na hagu suna nan da zanensu, don da su take dafe katako kawai.

Ko mayafi ban gyara ba na zaga gidan. Na tarar da Yunusa yana cin tuwon Sallah da sabuwar shadda. Na ce masa ya ba ta hutun kwana taran nan, ko fatar ta ɗan farfaɗo. Ya ce gadon Fika ranar Alhamis za a zo ɗauka, kuma an riga an buga katin biki, shi ba zai ji kunya a gaban manyan mutane ba. Ya ce na'ura ai ta Turawa ce, abin da ke hango ƙashin mutum ta cikin tsoka shi ne zai kasa ganin yatsa? Na ƙi tafiya. Da ya ga na kafe, sai ya ajiye cokali ya gyara zama kamar mai shari'a, ya ce ya samo mafita wadda ba a cuci kowa ba.

"Ta hutar da na dama. Ta yi da hagu."

Inna Fanne ta ce ka ji magana ta hankali. Ni kuma, Allah Ya yafe min, na ce to hakan ma ya fi. A tunanina babban yatsan dama kawai ake dangwalawa, kamar ranar zaɓe, na manta goma aka ɗauka. Suwaiba ta buɗe baki za ta ce wani abu, ta dubi mijinta, ta dubi surukarta, ta mayar ta rufe.

Hagu bai saba ba, don haka dannawar ta fi ta da. Ga furannin gadon Fika, kowanne da lungu kamar kunne. Ga guntun soso da ya riga ya mutu, don Yunusa ya ce ba zai ɓare sabo a kan aikin da ya kusa ƙarewa ba. Kwana bakwai tana abu ɗaya. Ranar Alhamis aka ɗora gadon a mota, mutanen layi suka fito kallo, wani dattijo ya shafa ya ce kai, Yunusa, hannunka sai dai a yi maka addu'a. Yunusa ya ce amin.

Ranar jarrabawa ni na raka ta, ina riƙe da Hussain. Tun bakwai na safe rana ta fara dukan mutane. A gefen layi ga 'yan mata sun fi goma a tsugune da lemon tsami da omo, suna ta dirzar lallen Sallah suna kuka, biyu ma aikina ne, na juya musu baya kada su gane ni. Na dafa kafaɗar Suwaiba na ce kin ga amfanin jin magana.

Ta cikin shingen waya nake hango teburin. Wani saurayi ne mai gilashi yake zaune da na'urar, mai haƙuri da shi. Ta ɗora babban yatsan dama. Ya ce ta sake. Ta sake. Ya ce ta goge a hijabi. Ta goge. Ya ce ta shafa a goshi ko maiƙo zai taimaka. Ta shafa. Ya ce to kawo manuniya. Haka suka bi na dama ɗaya bayan ɗaya, sai na ji ya ce ba komai, ai goma muka ɗauka, kawo hagu, ko guda ɗaya ya kama ya isa.

A nan na gane abin da muka yi. Ko guda ɗaya ya isa. Ranar Sallah tana da guda biyar lafiyayyu, kuma da bakina na ce hakan ma ya fi.

Ya gwada biyar ɗin, ya sake gwadawa, ya goge gilashin na'urar da gefen rigarsa ya kuma gwadawa. Mutanen baya suka fara gunaguni. Ya kama hannunta ta kan hijabi ya duba, ya tambaye ta ko ta sa lalle ta kankare. Ta ce rabonta da lalle wata uku. Ya ce to wane irin aiki take yi haka.

"Ba na aikin komai," in ji Suwaiba. "Matar aure ce ni."

Ya rubuta sunanta a wata takarda, ya ce ta tsaya gefe. Ta tsaya a gefen nan har aka rufe ƙofa, har waɗanda suka shiga suka fito suna tattauna tambayoyi. Na ji wata tana maimaita tambaya ta uku tana cewa ta ba ta wuya, Suwaiba ta faɗi amsar a hankali, ba da kowa take ba. Kafin mu tafi saurayin ya ce mata ta yi ƙoƙari ta je ofishinsu na Damaturu cikin satin nan da takardunta, wataƙila a duba lamarin masu irin matsalarta. Bai yi alkawari ba, amma ya ce ta je.

A Keke ba ta yi kuka ba. Ni ce na yi, har mai Keken ya tambaya ko rasuwa aka yi.

Yunusa ya saurari labarin yana danna waya. Da farko ya ce na'urarsu ce ta lalace, ai kayan gwamnati ne. Da aka ce ta kama na kowa, sai ya ce to lalle ne, mutum yana shiga gidan mai lalle safe da yamma ai dole ya kwaso. Na ce Yunusa, ni za ka ɗora wa? Ya ce shi bai kama suna ba. Batun Damaturu kuwa ya ce kilomita ɗari ne fa, ga gado biyu suna jira, a bari sai wani satin. Wani satin ya zo ya ce ai lokacin da aka ba su ya wuce, zuwa yanzu wahala ce kawai.

Malam Kaumi ya sake tasowa daga Danchuwa. Ya ce yarinya ba ta rubuta ba balle a ce ta faɗi. Yunusa ya sunkuyar da kai cikin ladabi ya ce Baba, sau ɗaya muka ce, kuma an yi rajista, an je, an dawo. Abin da Allah bai nufa ba, ko yatsu ɗari gare ka ba za ka dangwala ba. Inna Fanne ta ce ƙwarai, wani jinkirin alheri ne, wa ya sani ko da ta shiga makarantar wani abu ne zai same ta. Tsoho ya ɗauki sandarsa ya tafi ko ruwa bai sha ba.

Hutun da na roƙa aka hana, sai ga shi ya zo da kansa. Kwana biyu bayan tafiyar Malam Kaumi fatar manuniyar Suwaiba ta tsage, jini ya ɗiga a kan wani farin allo da ba a shafa wa komai ba, ya shige cikin katakon. Yunusa ya yi ta kankara bai fita ba. Nan take ya ce ta ajiye aikin sai ta warke, jini yana ɓata kaya.

Sai ga maigida da kansa a gindin darbejiya, a kan buhu, da guntun soso a kan yatsu. Na ɗauko turmina na gyara masa zama. Ranar farko yana waƙa. Rana ta biyu ya daina waƙa. Rana ta uku na ji yana tambayar Suwaiba wai dama haka kofin shayi yake da zafi. Rana ta huɗu da hantsi na jiyo salati, na ɗauka gobara ce. Ashe wayarsa ce ta ƙi buɗewa. Da yatsa yake buɗe ta, lambar sirrin kuma ya manta tun ranar da ya saya. Ga hotunan gadaje a ciki, ga lambobin masu ciniki. Ya goge yatsan a riga, ya shafa a goshi, ya hura masa iska, ya ɗora, waya ta ce ba ta san shi ba.

Kafin azahar yana shagon Madam Nguavese. Ita ta ba ni labari da na je sayen salatif, tana dariya har da riƙe ciki. Ta ce ya sayi safar hannu biyu, ya sayi soso cikakke duka lambobin uku, har da na tsakiyar nan na 'yan gayu, ya kuma tsaya ta nuna masa riƙon sau biyu. Bai nemi ragi ba. Kwana huɗu kacal fatarsa ta yi tana gogar yashi, kuma abin da ya rasa waya ce, wadda wani yaro a bakin tasha ya buɗe masa kafin magariba.

Ni ban yi dariya ba. Na tsaya ina kallon safar da ke rataye a ƙusa, jere, kala uku, abin da ko kuɗin cefanen yini bai kai ba.

Bayan kamar wata ɗaya Suwaiba ta shigo gidana da hantsi, ba kowa sai ni. Ta zauna a kan tabarmar da amare ke zama, ta naɗe hannun riga, ta shimfiɗa min hannuwanta biyu a cinya. Na kama na duba. Zanen ya dawo, sirara, sababbi, kowane yatsa da nasa, kamar ba abin da ya taɓa faruwa.

"Ki yi min ƙunshi, Yaya Hanatu. Ki cika shi har kan yatsu. Ba mai sake nemansu."

Na kwaɓa lalle mai kyau, na Sallah ma bai kai shi ba. Na yi mata bayan hannu, na yi tafi, na zagaye wuyan hannu da ganye, na sauko kan yatsu gaɓa ta farko, gaɓa ta biyu. Da na iso gaɓar ƙarshe na yanko salatif na naɗe kan kowane yatsa, goma cif, na matse yadda ko ɗigo ba zai shiga ba. A shekara ashirin da ɗaya ban taɓa ƙin yi wa mace abin da ta ce ba sai ranar.

Ta dubi yatsun, ta dube ni. Na ce mata rajista watan Janairu ake buɗewa, kuma wanda ya rantse a kan sau ɗaya bai ga an rubuta ko sau ɗayan ba. In mijinta ya manta, ni da turmina ba mu manta ba, kuma na san hanyar Danchuwa.

Ba ta cire salatif ɗin ba. Muka zauna muna jiran lalle ya kama. Ta bayan katanga muna jin Yunusa yana goge allon wata amaryar, shuu, shuu, a hankali, yana bin jijiyar katako, da safarsa a hannu.